Kama da Wane Ba Ta Wane: Nazarin Ƙwarangwal ɗin Libarbar Albarushi

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin kaboyi ya san irin ƙaramar bindigar nan mai ganga a tsakiya, wadda jarumi kan fizgo daga kugunsa kafin abokin gaba ya ƙifta ido. Ita ce Bahaushe ke kira libarba. Abin da yawancin 'yan kallo ba su sani ba shi ne, da dama daga cikin bindigogin da ake riƙewa a waɗannan finafinai ba tsofaffi ba ne, ba kuma a Amurka aka ƙera su ba. Kwafi ne. A lardin Brescia da ke arewacin Italiya, musamman a garin Gardone cikin kwarin Trompia, akwai masana'antu da suka shafe fiye da shekara sittin suna kwaikwayon bindigogin da Amurkawa suka ƙera tsakanin 1847 da 1873, watau zamanin da ake ɗura albarushi da dalma ta gaba, kafin harsashi mai kwanso ya mamaye duniya.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa malamin ilmin halittu da bindiga? Hanyar nazari ce ta haɗa mu. A ɗakin gwaje-gwaje mukan jera wa ɗalibai ƙasusuwan fiffiken jemage da ƙafar doki ta gaba da hannun mutum. A ido ba su yi kama ba, aikinsu ma daban-daban ne, amma da an ƙirga sai a ga ƙasusuwa iri guda ne a jeri iri guda, wani an miƙe shi, wani an taƙaita shi. Tun 1843 masanin Ingila Richard Owen ya bambanta irin wannan dangantaka ta asalin gini da kamannin da ke tsakanin fiffiken jemage da na fara, waɗanda aikinsu ɗaya amma babu abin da ya haɗa gininsu. Waɗannan bindigogi kuwa suna ba mu filin gwada wannan dabara cikin sauƙi, domin sassansu ba su da yawa, kuma shekarar haihuwar kowacce tana rubuce.

Batun ba na sha'awa kawai ba ne. Dubban mutane a Amurka da Turai suna sayen waɗannan kwafe-kwafe don wasan harbin bara da bukukuwan tuna tarihi. Idan wani sashe ya karye, mai bindiga kan sayi sabo bisa ga sunan da ke jikin kwali, sai ya tarar bai shiga ba. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Mafi muni shi ne sashen da ya shiga inda bai kamata ya shiga ba.

Gaɓoɓin libarba

Kafin a kwatanta halittu biyu sai an san sunan gaɓoɓinsu. Daga gaba akwai bututu, inda dalma ke bi ta fita. Bayansa akwai ganga mai ramuka shida ko biyar, kowane rami ɗaki ne na harbi guda. Gangar tana juyawa a kan wata sandar ƙarfe da ta ratsa tsakiyarta. A bayan kowane rami akwai wani ɗan tsinin ƙarfe mai huda, kamar kan nono, wanda ake ɗora wa 'yar hular jan ƙarfe mai ɗauke da sinadarin da ke kamawa da an buge shi. Guduma ce ke bugun hular, tartsatsi ya bi ta hudar ya iske albarushi. Ja da gudumar baya da babban yatsa shi ke sa wani ɗan ƙarfe mai kama da yatsa ya tura gangar ta juya da rami ɗaya, wani kuma ya taso daga ƙasa ya kulle ta daidai saitin bututu. Sa'an nan a ja kunama. A ƙarƙashin bututun kuma akwai liba ta danna dalma cikin rami, irin aikin da maharbinmu ke yi da sanda idan yana ɗura adakarsa.

Duk waɗannan sassa a jikin abu guda suke rataye, wanda maƙera ke kira firam. Shi ne ƙwarangwal ɗin bindiga. Shi ke yanke tsawon ganga da kaurinta, da tazarar da ke tsakanin sandar tsakiya da bututu, da girman ramin da guduma da kunama za su zauna. Ana iya sauya bututu, a sauya ƙota, a sauya launi, amma muddin firam bai sauya ba, dangi bai sauya ba.

Akwai kuma maganar awo. Idan an ce bindiga .44 ce, ana nufin faɗin ramin bututunta kashi 44 cikin 100 na inci. Dalmar da ake sa mata takan ɗan ɗara haka domin ta matse, wajen milimita 11.5. Ta .36 dalmarta wajen milimita 9.5 ce, ta .31 kuwa wajen milimita 8.1.

Manya, ƙanana da matsakaita

Samuel Colt, mutumin Hartford a jihar Konetikat, ya sami rajistar ƙirarsa a Amurka a 1836, amma masana'antarsa ta farko a garin Paterson ta durƙushe a 1842. Yaƙin Amurka da Mekziko ne ya farfaɗo da shi. Wani hafsan dakarun Teksas, Kyaftin Samuel Walker, ya nemi a yi masa libarbar da za ta iya kayar da doki da mahayinsa, aka ƙera guda 1,100 a 1847, aka sa mata sunansa. Walker dai ƙatuwa ce: nauyinta ya kai kilo 2, bututunta inci 9, kowane rami na cin albarushi har kusan giram 4. Ba a rataya ta a kugu, a jikin sirdi ake maƙala ta. Shi kansa Kyaftin Walker bai more ta ba, domin an kashe shi a fagen fama a watan Oktoba na wannan shekarar.

Girman nan bai hana ta matsala ba. Kusan guda 300 aka mayar don gyara, da yawa saboda gangarsu ta fashe. Ƙarfen zamanin bai da ingancin ɗaukar irin wannan albarushi, sojoji kuma sukan cika ramin maƙil. Har wa yau libar danna dalma takan faɗo da ƙarfin harbi ta cije gangar. Saboda haka a 1848 aka fito da Dragoon, aka rage tsawon ganga don ta rage ci, aka mayar da bututu inci 7.5, aka sa wa libar sakata. Duk da haka nauyinta wajen kilo 1.9 ne. Walker da Dragoon su ne dangin babban firam.

A ɗaya ɓangaren kuma Colt ya ƙanƙance ƙirar ya fito da ta aljihu mai awon .31, wadda aka fi sani da samfurin 1849, shekarar da jama'a suka yi tururuwa zuwa Kalifoniya neman zinariya. Nauyinta wajen giram 700 ne. Ita ce ta fi kowace libarbar albarushi ta Colt kasuwa, an sayar da fiye da 300,000. Wannan shi ne ƙaramin firam.

Tsakaninsu aka sami Navy ta 1851, mai awon .36 da bututu mai kusurwa takwas, nauyinta kimanin kilo 1.2. Sunanta na nufin rundunar ruwa, amma sojan ƙasa da farar hula ne suka fi riƙe ta. An zana hoton yaƙin jiragen ruwa na Campeche na 1843 a jikin gangarta, kuma daga baya kalmar Navy ta koma nufin awon .36, kamar yadda Army ta koma nufin .44. An ƙera fiye da 200,000 a Hartford, da wajen 40,000 a masana'antar da Colt ya buɗe a Landan. Wannan shi ne matsakaicin firam, kuma a ganina shi ne ya fi cancantar nazari.

Me ya sa ƙarin faɗi kaɗan ke jawo ƙarin nauyi mai yawa haka? Daga milimita 8.1 zuwa 11.5 faɗin dalma ya ƙaru da kashi 42 cikin 100 kacal. Amma nauyin ƙwallo yana bin faɗi sau faɗi sau faɗi ne. A ninka 1.42 sau uku a kanta, za a sami kusan 2.9. Shi ya sa dalmar .31 take da nauyin giram 3 da 'yan kai, ta .36 giram 5 da 'yan kai, ta .44 kuwa giram 9. Dalma mai nauyi na bukatar ƙarin albarushi, ƙarin albarushi na bukatar ƙarin ƙarfe. Wannan ita ce ƙa'idar da Galileo ya bayyana a 1638, inda ya nuna cewa nauyin dabba na ƙaruwa da sauri fiye da ƙarfin ƙashinta, don haka ƙafar giwa ba ƙafar barewa ce da aka faɗaɗa ba, dole ta yi kauri fiye da kima.

Dabarar 1860

Yayin da Yaƙin Basasar Amurka ke ƙaratowa, sojan doki na son ƙarfin .44 amma sun gaji da ɗaukar kilo biyu. Hanya mafi sauƙin tunani ita ce a zana sabon firam tsakanin na Dragoon da na Navy. Amma sabon firam na nufin sababbin injina da sababbin ma'aunai da sabuwar guduma da kunama da duk 'yan kayan ciki. Colt da babban injiniyansa Elisha Root ba su bi wannan hanya ba. Sun ɗauki firam ɗin Navy yadda yake, suka nemi hanyar cusa masa ramukan .44.

Ga inda gizo ke saƙa. Ina roƙon ɗalibi ya ɗauki kamfas ɗinsa na lissafi ya zana da'ira. Ba tare da ya sauya buɗin kamfas ba, ya riƙa taka shi a kan layin da'irar. Zai ga taku shida cif suka kewaye ta. Ma'anar wannan ita ce, idan aka jera ramuka shida a kewayen sanda, tazarar da ke tsakanin cibiyar rami da cibiyar maƙwabcinsa daidai take da tazarar da ke tsakanin cibiyar ramin da cibiyar sanda. Bari mu ɗauki adadi don misali kawai, mu ce tazarar milimita 13 ce. Ramin milimita 9.5 zai bar bangon milimita 3.5 tsakaninsa da na kusa da shi. Ramin milimita 11.5 kuwa milimita 1.5 kawai zai bari. Bangon waje ma haka zai sirance, har ya kusa ɓacewa.

Sirancewar bango ba ita kaɗai ce damuwa ba. A ilmin aikin jiki muna koyar da ƙa'idar Laplace, wadda ta ce jan da bangon bututu ke sha yana ƙaruwa da matsin abin da ke ciki, yana kuma ƙaruwa da faɗin bututun. Saboda haka ne babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya take da bango mai kauri da sassa-sassa, alhali ƙananan hanyoyin jini da ke ratsa tsoka bangonsu ƙwayar halitta ɗaya tak ne, kuma ba sa fashewa. Ramin ganga ma haka yake. Faɗaɗa shi na ƙara wa bangonsa wahala a daidai lokacin da yake rage masa kauri. Duka biyu ke nan a wuri ɗaya.

Maganin da suka samo kashi biyu ne. Na farko, Colt ya sami ƙarfe mai inganci fiye da na zamanin Walker, ya kuma yi ta tallarsa, sa'an nan aka rage albarushi zuwa wajen giram 2. Na biyu shi ne abin burgewar. An yi wa gangar kauri biyu. Ɓangarenta na baya, inda hula da ramukan kulli suke, an bar shi da kaurin gangar Navy, don haka guduma da yatsan turi da makulli duk suka ci gaba da aiki ba tare da an sake su ba. Ɓangaren gaba, inda dalma ke zama, shi aka kumbura. Domin kumburin ya sami wurin juyawa, sai aka sassaƙe gaban firam ɗin daga ƙasa, aka yi masa 'yar matakala. Aka ƙara tsawon ƙota, aka sa bututu zagayayye mai inci 8. Abin da ya fito shi ne Army ta 1860, libarbar .44 mai nauyin kilo 1.2, kusan daidai da Navy. An ƙera wajen 200,000, gwamnatin Arewa ta sayi fiye da 120,000, ta zama libarbar da aka fi riƙewa a yaƙin 1861 zuwa 1865.

Wanda ya ajiye Army kusa da Navy zai ce ba dangi ba ne. Ɗaya zagayayya ce mai santsi, ɗaya mai kusurwoyi, awonsu daban, ƙotarsu daban. Wanda ya ajiye ta kusa da Dragoon kuwa zai ce 'yan'uwa ne, tun da duka .44 ne. Dukansu sun yi kuskure. Army Navy ce da aka sake wa riga, ba abin da ya haɗa firam ɗinta da na Dragoon sai kakanni. Matakalar nan da ke ƙasan gangarta ita ce shaida, kamar yadda ƙasusuwan wuya bakwai ke shaida cewa raƙumin dawa da ɓera tsarin gini ɗaya gare su. Masanin Faransa François Jacob ya yi bayani a 1977 cewa sababbin gaɓoɓi a jikin halittu ba a cika gina su daga tushe ba, tsofaffi ake juyawa su kama sabon aiki. Ba zan ja wannan kwatance da nisa ba, tun da bindiga ba ta haihuwa, kuma nan mun san maƙerin da ranar da ya zauna ya yi lissafin kuɗinsa. Amma dalilin ya yi kama: sake abin da sassa da yawa suka dogara da shi yana da tsada.

Da dabarar ta yi nasara sai aka maimaita ta a ƙasa. Police ta 1862 awon .36 gare ta, amma a kan ƙaramin firam na 1849 aka ɗora ta, da ganga mai kauri biyu da matakala. A nan ramuka shida ba za su yiwu ba. Idan tazarar, a misali, milimita 10 ce, ramuka shida na milimita 9.5 za su bar bangon rabin milimita, watau kaurin kati. Idan ramukan biyar ne, tazarar maƙwabta takan ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100, ta zama 11.8, bangon ya haura milimita 2. Harbi biyar ke nan, daidai ruwa daidai tsaki. Ke nan akwai .36 a ƙaramin firam da .36 a matsakaici, akwai .44 a matsakaici da .44 a babba, kuma babu gangar ɗaya da za ta shiga ɗaya.

Wani tsarin jiki dabam

Duk libarbobin Colt da muka ambata samansu a buɗe yake. Babu ƙarfe a bisa ganga. Sandar tsakiya, wadda ke da kauri, a jikin firam take dasashe, ana zura ganga da bututu a kanta, sa'an nan a buga ɗan weji ya ratsa bututun da sandar ya riƙe su. Ashe ke nan sandar ita ce ƙashin bayan bindigar, duk ƙarfin harbi ita da wejin ke sha.

Kamfanin Remington na garin Ilion a jihar Niyok ya bi wata hanya. Firam ɗinsa gida ne rufaffe mai taga, ƙarfe ya kewaye ganga sama da ƙasa, bututu kuma murɗa shi ake yi a ciki ya zauna dindindin. Tun da firam ke ɗaukar nauyi, sandar tsakiya sai ta zama siririya, ana zare ta a fitar da ganga nan take. Bambancin ya tuna mini da na kifi da ƙaguwa, ɗaya ƙashinsa a ciki, ɗaya a waje.

Galibi akan yanke hukunci cewa tsarin Remington ya fi, kuma ta fuskar ƙarfi gaskiya ne, har Colt ma ta koma rufaffen firam a 1873. Amma albarushi na da tasa magana. Idan ya ƙone, fiye da rabin abin da ya bari ba iska ba ce, toka ce da hayaƙi mai maiƙo. Wannan datti kan taru a kan siririyar sandar Remington ya hana ganga juyawa bayan 'yan harbe-harbe, alhali sandar Colt mai kauri, da aka yi wa tsage-tsage don riƙe mai, takan daɗe tana aiki. Ita kuma Colt cutarta ɓaraguzan hula ne da ke faɗawa cikin kayan ciki ta gaban guduma. A kasuwa ana kiran wannan Remington da sunan 1858, amma wannan shekarar rajistar ƙirar Fordyce Beals ce. Samfurin da ake kwaikwayo sai 1863 ya fito, ya kuma sami kasuwa sosai bayan gobarar da ta ci masana'antar Colt a watan Fabrairun 1864.

Abin da Italiyawa suka kwafa da abin da suka ƙara

Kwaikwayon ya samo asali ne daga shirin cikar Yaƙin Basasa shekara ɗari. Wani ɗan kasuwar Amurka, Val Forgett, mai kamfanin Navy Arms, ya ga cewa bindigogin asali sun yi tsada kuma sun tsufa, ya nufi Gardone, garin da Beretta ke ƙera bindiga tun 1526. Aldo Uberti ya kafa masana'antarsa a 1959, ya fara da Navy ta 1851. Giuseppe Pietta ya kafa tasa a 1963. Daga baya finafinan kaboyi na Sergio Leone, waɗanda Clint Eastwood ya fito a cikinsu, suka ƙara wa abin farin jini. Waɗannan kamfanoni biyu su ne jigon wannan kasuwa a yau.

To amma kwafi biyu na abu guda ba lallai su zama kwafin juna ba. Kowane kamfani ya auna tsohuwar bindigar da ta zo hannunsa, ya mayar da inci zuwa milimita, ya ɗan gyara abin da zai sauƙaƙa wa injinansa. Sakamakon shi ne, Army ta Uberti da Army ta Pietta suna ɗaya, kama ɗaya, amma ganga da bututu da sukurorin ɗaya ba a dogara da su a jikin ɗaya. Ko ɗan tsinin nan da ake ɗora wa hula zarensa ya bambanta: na Pietta faɗin milimita 6 ne da tazarar zare 0.75, na Uberti kuwa wani awon ne dabam. Wanda ya murɗa wanda ba nasa ba da ƙarfin tsiya zai cinye zaren, kuma wannan ɗan ƙarfe yana fuskantar idon mai harbi ne kai tsaye. Remington ta Pietta ta ɗan fi ta Uberti jiki. Remington ta asali mai awon .36 tana da nata firam ɗin da ya ɗan ƙanƙanta, amma kwafinta galibi a kan firam ɗin .44 ake gina shi, a rage faɗin ramuka kawai, shi ya sa take da nauyi fiye da bukata. A tsarin Colt kuma masu sha'awar abin sun daɗe suna ƙorafin cewa a wasu kwafe-kwafe sandar tsakiya ba ta kai ƙarshen raminta a cikin bututu ba, don haka gwargwadon yadda aka buga weji gwargwadon yadda bututu ke matsowa ya danne ganga. Gajartar da ba ta kai milimita biyu ba ta isa ta sauya halin bindiga duka.

Bai kamata a ɗora wa Italiyawa laifin wannan su kaɗai ba. An sha yaba wa Colt cewa sassan bindigoginsa na musanyuwa, kuma ya burge jama'a a Babban Baje Kolin Landan na 1851. Amma masu binciken tarihin masana'antu sun nuna cewa har a Hartford sai da ƙwararru suka riƙa bin sassan da zarto kafin su zauna, shi ya sa ake buga lamba ɗaya a firam da ganga da bututu da weji don kada su rabu.

Har wa yau akwai abin da zan kira halittar da ba ta taɓa rayuwa ba. Ɗaya daga cikin kwafe-kwafen da aka fi saya, saboda araha, ita ce wadda ake kira Navy ta 1851 mai awon .44 da firam na tagulla. Colt ba ta taɓa sayar da Navy mai awon .44 ba, ba ta kuma yi mata firam na tagulla ba. An ɗauki gangar Army da matakalarta, aka haɗa da bututun Navy mai kusurwa takwas, aka ari tagulla daga wani tarihin. A lokacin yaƙi 'yan Kudu sun yi ƙarancin ƙarfe, sai masana'antar Griswold da Gunnison ta jihar Jojiya ta kwaikwayi Navy da firam na tagulla, amma awon .36, kuma adadinsu bai kai 4,000 ba. Tagulla gamin jan ƙarfe da tutiya ce, ta fi ƙarfe taushi. Duk harbi ganga na komawa baya ta doki firam, sandar tsakiya kuma na shan ja zuwa gaba. Da .36 abin na tafiya a hankali. Da .44 cike da albarushi kuwa, a kwana a tashi haƙoran gangar kan bar tambarinsu a jikin tagullar, sandar ta soma girgiɗi, tazarar ganga da bututu ta buɗe.

Wannan gamin-gambiza na da wani haɗari da ya fi wannan. Tun da a kamfani guda firam mai matakala na karɓar gangar .44 da bututun .36 duka, mai gaggawa na iya yunƙurin haɗa su. Idan suka haɗu, dalmar milimita 11.5 za ta taras da ramin da bai wuce milimita 9 da 'yan kai ba. Babu inda ƙarfin zai bi sai ta gefe, inda hannu yake.

Albarushi da hatimi

Albarushi gami ne na sinadarin fotasiyam naitiret kashi 75, gawayi kashi 15, farar wuta kashi 10, irin dai wanda 'yan bindiga ke tashin ƙasa da shi a hawan salla. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya fito da sabon gari marar hayaƙi, wanda ke haifar da matsi mai tsananin da ya zarce na albarushi nesa ba kusa ba. Ko da yake ƙarfen kwafin yau ya fi na zamanin Colt, siraran bangayen da muka lissafa a sama suna nan yadda suke, don haka gari marar hayaƙi na iya tarwatsa gangar. Ana rubuta wannan gargaɗi a jikin bututun kowacce.

Dokar Italiya ta wajabta a gwada kowace bindiga a cibiyar gwaji ta ƙasa da ke Gardone, da ɗuri mai ƙarfi fiye da na yau da kullum, kafin a sayar. Wadda ta tsallake sai a buga mata haruffan PN, taƙaitaccen sunan baƙin albarushi da Italiyanci, tare da wata alama cikin ɗan akwati mai nuna shekarar gwajin. A dokar tarayyar Amurka irin waɗannan kwafe-kwafe cikin kayan tarihi ake lissafa su, ko da yake wasu jihohi sun tsananta. A Nijeriya ba haka ba ne: Dokar Makamai ta sanya libarba da fistol, har da masu tsohon salo, cikin jerin waɗanda ba a mallaka sai da iznin Shugaban Ƙasa.

Hatimin nan na da wani amfanin. Walker ta asali guda ɗaya ta taɓa kaiwa fiye da dala miliyan ɗaya a gwanjo, alhali kwafinta bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Saboda haka wasu 'yan damfara kan goge hatimin Italiya, su sa ƙarfen ya yi tsatsa, su buga tsohuwar lamba. Masu tantancewa ba sa tsayawa kan launi ko suna. Sukan kwance sukurori su auna zarensu, su ƙirga tsagin da ke cikin bututu su duba yadda ya murɗa, domin Colt na yin tsagin da murɗinsa ke ƙaruwa daga gindi zuwa baki, yawancin kwafe-kwafe kuwa murɗinsu bai ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe.